Kofin Sarkin Ingila

Litinin, 21 ga Oktoba 1940, bayan azahar

Yau da hantsi aka kama Shu'aibu tela. Gardi biyu, dogaran Faransa, suka same shi a kan keken ɗinkinsa a zauren gidansa, ba su ma bar shi ya yanke zare ba.

Wannan littafi na kayan cefane ne, uwargida, matar Baturen da na yi wa aiki, ta ba ni a Katsina. Tun da na dawo Madarunfa shekara biyu ke nan ban buɗe shi ba. Yau na buɗe, don ba ni da wanda zan gaya wa.

Ga yadda abin yake. Tun da Faransa da Ingila suka ɓata aka rufe iyaka, ko kaza ba ta wuce Ɗan Issa. Watan jiya sojoji uku, 'yan ƙasa, suka gudu daga Maradi suka faɗa ƙasar Ingilishi. Aka turo mana wani laftanan, hafsan sojan Faransa, ya sauka a kampama, gidan saukar Turawa da ke bakin tabki. An gaya masa wai akwai mutum a garin nan da ya yi wa Turawan Ingila aiki a Katsina, kuma shi ya nuna wa sojojin hanya. Shu'aibu ya yi shekara shida can yana ɗinka musu wanduna.

Ni shekara tara na yi, ina kuku.

Talata, da asuba

Maigari ya aiko. Laftanan na neman mai dafa abinci, kuma duk garin ni kaɗai na san cokali mai yatsu. Maigari ya ce in an tambaye ni in ce a Damagaram na koya.

Laraba, 23 ga Oktoba, kafin la'asar

Na fara aiki jiya. Dafa abinci cikin azumi sai a hankali, ba halin ɗanɗana gishiri, sai dai hannu ya yi aiki da abin da ya sani. Laftanan yaro ne, bai kai talatin ba, wuyansa ja kamar an zuba masa barkono. Ba ya jin Hausa, sai ta bakin Audu tafinta.

Ɗakin ajiya na bayan kicin, can aka sa Shu'aibu. Bango ɗaya ne tsakaninmu. In ya yi tari ina ji.

Jiya da yamma Rakiya matarsa ta kawo abin buɗa baki. Gardi ba sa barin ta matso, sai ta miƙa mini ni in kai. Ta ce, "Malam Garba, gara da kai ka nan. Ka ce mishi yara lahiya lau." Na karɓi ƙwaryar ban dubi fuskarta ba.

Wani mai sayar da goro ya yi mini raɗa a kasuwa, ya ce Jamus na zuba wa birnin Landan wuta daga jirgin sama kullum, yau sama da kwana arba'in. Na tuna hoton gidan mahaifiyar uwargida da ke kan tebur a Katsina, siririn gida mai bene da ƙofa baƙa. Ni nake goge hoton kowace Asabar. Daga nan sai bikin shekara ashirin da biyar na tsohon Sarkin Ingila ya faɗo mini, shekarar talatin da biyar. Maigidanmu, likitan shanu ne, Mai Lofe muke ce masa, ya sa na gasa raguna biyu. Shu'aibu ya kwana uku yana ɗinka ƙananan tutoci, ja ya ƙare masa, ya cika da wani ƙyalle ruwan goro. Uwargida ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. A ranar ne ta ce tunda ta koya mini rubuta cefane, shi ma bari ta koya masa rubuta awo.

Rubutun ya karkace.

Juma'a, 25 ga Oktoba, bayan an sauko masallaci

Na binne kofin.

Ranar naɗin sabon Sarkinsu, shekarar talatin da bakwai, uwargida ta jera mu a baranda ta ba kowa kofin tangaran fari, da hoton Sarki da matarsa a jiki, kowa da hular zinariya. Na Shu'aibu ya fashe a hanyar dawowa. Nawa na riƙe shi kamar ƙwai. Ba wanda ke sha da shi, ko ni. Yana can ƙasan kwanonin Hauwa matata, sai in ta yi babbar baƙuwa take fito da shi a gani a mayar.

Na naɗe shi a tsohon wando, na haƙa rami ƙarƙashin rumbu ta gefen gabas. Hauwa na tsaye tana kallon ƙofa. Ta ce, "Maigida, ka hwasa shi mana, mi amfaninai?" Na ce zan fasa gobe.

Manyan garin nan duk sun san inda na yi aiki. Ba wanda ya buɗe baki. A masallaci na ga kowa na gaishe ni da fara'a fiye da da, kuma wannan fara'ar ce ke tsinka mini zuciya.

Asabar, da hantsi

Ban fasa ba.

Lahadi, 27 ga Oktoba, bayan la'asar

Na yi wauta, wautar da ko jaki ba zai yi ba.

An kawo cinyar rago na gasa. Hankalina na bayan bango, hannuna na aikinsa. Ban farga ba sai da na ajiye faranti a gabansa, ga cinya, ga ɗan kwano a gefe da miyar na'ana'a, wadda ake daka ganyen da sukari da ruwan tsami. Duk Lahadin duniya haka nake yi wa Mai Lofe. Shi da kansa ya taɓa ce mini Bafaranshe gara ya ci takalminsa da ya ci wannan.

Laftanan ya ɗaga kwanon ya sansana. Ya dube ni. Ya ce wani abu, Audu ya ce, "Wai wa ya koya maka wannan?" Na ce, "Wani kuku a Damagaram, ranka ya daɗe." Ya yi murmushi, ya ture kwanon da yatsa ɗaya, ya ci namansa.

Na koma kicin na zauna kan turmi. Ina jiran a kira gardi har aka kira la'asar.

Litinin, da hantsi

Ba a kira kowa ba. Laftanan ya ce miyar albasa ta daren jiya ta yi daɗi, a sake.

Laraba, 30 ga Oktoba, da dare

Yau sun shiga wajen Shu'aibu da safe, laftanan da Audu da gardi ɗaya. Na ɗauko turmi na zuba barkono. Na daka, na daka, har ya zama gari, na ci gaba da dakawa. Da suka fito Audu ya leƙo kicin ya nemi ruwan wanke hannu, alhali ba abin da ke hannunsa. Ya ce a hankali, "Tambaya guda ce, ko akwai wani bayan shi. Shina ta cewa shi kaɗai ne ya zauna Katsina."

Shi kaɗai. Shekara shida a kwano ɗaya muke ci.

Na gaya wa Hauwa. Ta kama bakin rigata ta ce, "Baban Binta, ka dubi ɗiyarka. Shi yana da 'yan'uwa maza huɗu, in an tahi da shi za su noma ma yaranai. Mu wa gare mu?" Gaskiyarta. Ni kaɗai mahaifina ya bari.

Sai na tuna ƙarshen shekarar talatin da shida, da labari ya zo Sarkinsu ya sauka daga gado saboda wata mace. Mai Lofe ya ƙi cin abinci ranar, ya jefar da lofensa har ya tsage. Mu kuwa a bayan kicin dariya muka sha, ni na fi kowa, ina cewa wane irin namiji ne wannan. Yau na zauna ina ba kaina hujja da shi. Na ce in sarki guda ya bar ƙasa saboda matarsa, ni wane ne da ba zan yi shiru saboda tawa ba. Hujjar ta riƙe ni har zuwa shan ruwa, daga nan ta sake ni.

Asabar, 2 ga Nuwamba, ranar Salla, bayan azahar

Rabin garin sun je idi da tsofaffin kaya, don ɗinkunansu na can jibge a zauren Shu'aibu. Rigar Binta na ciki, an haɗa jiki ba a sa hannu ba. Ta yi kuka da safe. Na daka mata tsawa, abin da ban taɓa yi ba.

Gardi sun tafi cin tuwo gidan Maigari, saura ɗaya yana gyangyaɗi. Na kai wa Shu'aibu tuwon Salla. Ƙasan ƙofar akwai rata, ta nan nake turawa. Na durƙusa na ce, "Shu'aibu, barka da Salla."

Ya ce, "Garba kuku. Barkanmu. Miyar ga taka ce ko ta gida?"

Na ce ta gida ce.

Ya ce, "Na ji. Kai gishirinka bai kai haka." Ya yi dariya, dariyar ta koma tari. Ta ratar na hango yatsun hannunsa na dama. Ba zan rubuta yadda suke ba.

Na ce, "Shu'aibu, in na…"

Ya ce, "Yi shiru. Ban tambaye ka ba, ban son sani. Ka ce ma Binta rigatta na nan, hannu kawai ya rage."

Lahadi, da asuba

Ban yi barci ba. Duk kare da ya yi haushi sai in ce gardi ne.

Talata, 5 ga Nuwamba, da la'asar

Na ga kwanan wata a takardar da ke bangon laftanan, sai gabana ya faɗi. A rana irin ta yau Turawan Katsina ke hura babbar wuta. Mai Lofe ya ce tun zamanin kakannin kakanninsa wani mutum ya so tarwatsa majalisar Sarkinsu da albarushi, aka kama shi, shi ya sa kowace shekara suke yin mutum-mutuminsa su ƙone. Aikinmu ne mu biyu. Shu'aibu ya kawo tsohon wando da riga ya ɗinke bakinsu, ni in cusa ciyawa. Wata shekara muka sa masa hular Mai Lofe, sai da wuta ta kama ya gane. Na gasa dankali a toka, yaran Turawa na ta tsalle.

Na taɓa tambayar Mai Lofe ko mutumin haka kamanninsa suke. Ya ce ba wanda ya damu da kamanni, wutar ce abin kallo.

Wannan maganar ta hana ni cin abinci yau.

Alhamis, 7 ga Nuwamba, da hantsi

Takarda ta zo daga Maradi. Audu ya ce ranar Talata mai zuwa sarzan, wato saje, zai zo da gardi huɗu su tafi da Shu'aibu. Daga Maradi sai Damagaram, daga can sai arewa, inda ake fasa dutse. Na ce shekara nawa. Ya ce bai taɓa ganin wanda ya dawo ba balle ya tambaye shi.

Juma'a, bayan azahar

Rakiya ta kawo fura. Ta ce, "Malam Garba, kai ka kusa da Bature. Ka roƙa muna shi, ko ya ji naka." Na ce to.

Kwana huɗu.

Asabar, 9 ga Nuwamba, da la'asar

Abin da ya faru ranar kasuwar garin Gabi, kafin a kama Shu'aibu, ban yi niyyar rubuta shi ba. Ina gonata ta kudu ina tonon gyaɗa. Mutum uku suka fito daga cikin dawa, takalmansu na soja rataye a wuya, ƙaramin cikinsu leɓensa ya tsattsage. Ruwa suka roƙa. Na ba su gorata. Wanda ya sha ruwanka ya tambaye ka inda kwarin nan ya nufa, me za ka ce masa?

Ƙayar da ta soke ni a ƙafa cikin kwarin ranar har yanzu wurin bai warke ba. Na ce wa Hauwa a gona na taka.

Shu'aibu ranar yana kan kekensa tun safe har magariba, mutum ashirin sun gan shi. Ba wanda aka tambaya.

Lahadi, da asuba

Kwana biyu. Na yi sallah ban san raka'a nawa na yi ba.

Litinin, 11 ga Nuwamba, bayan azahar

Na faɗa wa laftanan.

Ba shiryawa na yi ba. Na shigo da kafe, wato gahawa, a faranti, idona ya faɗa kan ɗan agogon teburinsa, ƙarfe goma sha ɗaya daidai. Yau ce ranar da babban yaƙin Turawa na farko ya ƙare. Ƙanin Mai Lofe a yaƙin ya mutu. Shekara tara, duk rana irin ta yau a wannan lokaci, gidan Mai Lofe kaf kowa ke tsayawa cik minti biyu, ko tukunya na ƙonewa ba a motsi. Ƙafafuna suka tsaya da kansu. Ina tsaye da faranti, kaina a sunkuye. Na san yana kallona. Na ce a raina tunda na fara bari in cika.

Da minti biyu suka cika na ajiye farantin, na durƙusa, na ce wa Audu, "Gaya mishi ni ne. Shekara tara na yi Katsina. Tela bai san komi ba."

Audu ya ce, "Garba, ka yi hankali."

Na ce, "Gaya mishi."

Ya gaya masa. Laftanan ya zuba sukari, ya juya, ya kurɓa. Sannan ya yi magana mai tsawo, muryarsa lafiya lau. Audu na fassarawa idonsa a ƙasa.

"Wai ya sani tun ranar na'ana'a. Wai tun kafin nan ma, da ya ga kana yanke gefen burodi. Wai Maradi mutum guda sunka ce, kuma ya riga ya rubuta sunan mutum guda, ba zai sake takarda ba a ce bai san aikinai ba." Audu ya ci gaba. "Wai wata biyar bai ci abinci irin naka ba. Wai tela bai iya miyar albasa. Ka tashi ka koma kicin, bai ji komi ba."

Na tashi na koma kicin. Har da cewa na gode, ranka ya daɗe. Allah ya gani, da na fita sai da na ji wani sanyi a raina, kamar an sauke mini kaya. Na faɗi gaskiya, an ƙi karɓa, laifin wa? Na tsaya ina yanka albasa ina maimaita wannan. Sai Shu'aibu ya yi tari a bayan bango.

Litinin, da la'asar

Na tono kofin. Gara ta cinye wandon, shi ko ƙwarzane babu.

Laftanan zai iya toshe kunnensa a ɗaki, daga shi sai Audu. Sarzan na Maradi ba zai iya rufe idonsa a ƙofar Maigari ba, gaban gari duka. Kuma baƙo in ya sauka ruwa ake fara ba shi.

Hauwa ta same ni ina wanke shi. Na yi zaton za ta yi kururuwa. Sai ta ce, "Ba haka a kan wanke tangaran ba, kawo." Ta karɓa ta wanke da toka mai laushi, hawaye na zuba a kan hannunta. Ta ce, "Hatsin bana zai kai mu damina?" Na ce zai kai in an yi tattali, kuma gyaɗar na gidan Maigari. Ta ce to.

Tsoro nake ji. In rubuta shi sosai, tsoro nake ji. Ban san sanyin arewa ba, ban san dutse ba, hannuna wuƙa da ludayi kawai ya sani. Ko Mai Lofe da uwargida na da rai, ko gidan mai baƙar ƙofa na tsaye, oho. Ba za su taɓa jin labarin nan ba, kuma ba don su ba ne.

Talata, 12 ga Nuwamba, da hantsi

Sarzan da gardinsa sun iso. Ina hango su daga ƙofar gida, an shimfiɗa musu tabarma ƙarƙashin gawon ƙofar Maigari. An fito da Shu'aibu da igiya a ƙugu. Rakiya na zaune a ƙasa da yaran.

Na haɗa wa laftanan miyar albasarsa na rufe, tana kan murhu. Binta na wasa a bayan rumbu, ban kira ta ba, in na kira ba zan fita ba.

Na cika kofin daga randar Hauwa, ruwan ya yi sanyi. Na riƙe shi da hannu biyu.

Juma'a, 22 ga Nuwamba, bayan an sauko masallaci

Ni Shu'aibu tela na rubuta wannan da hannun hagu, a yi haƙuri da rubutun. Hauwa ta ba ni littafin in ajiye.

Sarzan ƙishi yake ji. Garba ya miƙa masa, ya shanye ruwan tas, ya ce madalla, sannan ya juya kofin ya ga hoton. Garba na durƙushe gabansa, ya faɗi komai da ƙarfi kowa na ji, har da nuna wa sojojin hanya. Laftanan ma ya ji. Igiya ɗaya suka zo da ita, sai aka kwance daga ƙuguna aka ɗaura a nasa. Na ce masa, "Wa ya aike ka?" Ya ce, "Ka cika surutu, je ka sha ruwa." Ina kallonsa har suka sha kwana.

Sun tafi da kofin, wai shaida ne.

Gobe ni da 'yan'uwana za mu kwaso masa sauran gyaɗar gonar kudu. Rigar Binta na gama jiya. Hannun hagu ya ɗan fi na dama tsawo. Ta sa, ta ce ba za ta cire ba sai babanta ya gani.